Yadda za ka ajiye fayilolin kwamfutarka a intanet ba tare da ka wayi gari sun ɓace ba

Tambayar da aka fi jefo mini a 'yan kwanakin nan ita ce: "Malam, idan na zuba takarduna da hotunana a Google Drive ko OneDrive, shi ke nan na huta?" Wasu kuma so suke a faɗa musu kamfanin da ya fi aminci su bi shi ido rufe. Gaskiyar magana, manyan kamfanonin nan da wuya na'urorinsu su cinye maka fayil, domin kowane fayil suna ajiye shi a wuri fiye da ɗaya. Asarar ta wata ƙofa take shigowa. Mutum ya goge abu da hannunsa gogewar ta bi shi har intanet, ko layin wayar da ya buɗe asusu da shi ya mutu, ko katin banki ya ƙi biya, ko kuma ya daɗe yana zaton manhajar tana ɗora kaya alhali ta tsaya tuntuni. Matakan da ke ƙasa na toshe waɗannan ƙofofi ne. Ka bi su a jere yadda suke, musamman na biyu, kada ka tsallake shi.

Mataki na 1: Ware abin da ba a saye a kasuwa

Kada ka fara da ɗora komai da komai. Raba kayan da ke cikin kwamfutar gida biyu: wanda in ya ɓace za ka sake samu, da wanda in ya tafi ya tafi ke nan. Finafinai, waƙoƙi, karatuttukan da ka sauke daga YouTube da manhajojin da ka saka duk suna gida na farko. Kundin digirinka, lissafin shago, hotunan biki da na suna, hoton mahaifin da ya rasu, takardun fili da shaidar karatu da ka ɗauki hotonsu, waɗannan su ne gida na biyu, kuma su ne za ka kashe wa kuɗi da data.

Tara su a babbar folda guda, ka danna ta da maɓallin dama na maus, ka zaɓi Properties ka ga nauyinta. Rubuta adadin a takarda, da shi za ka yi lissafi nan gaba. Yawanci takardun rubutu ba su da wani nauyi, bidiyo da hotuna ne ke cin wuri.

A kula: leƙa Desktop da Downloads, nan ne mutane suka fi manta muhimman abubuwa. Sannan idan mai gyara ya raba maka faifan kwamfuta zuwa C da D, sani cewa a yawancin laftof faifai ɗaya ne aka tsaga biyu. Kwafe kaya daga C zuwa D zai cece ka ranar da aka sake saka Windows, amma ranar da faifan ya mutu tare za su tafi.

Mataki na 2: Yi kwafi a faifan waje tun kafin ka taɓa intanet

Sayi faifan ajiya na waje, irin wanda ake jonawa ta USB. Seagate, Western Digital da Toshiba su ne aka fi samu. Ɗauki wanda ya ninka nauyin kayanka aƙalla sau biyu. Ga yawancin mutane TB 1 (kusan GB 1,000 ke nan) ya wadatar, mai ɗaukar hoto ko bidiyon biki kuwa ya fara daga TB 2. Dalilin da ya sa wannan matakin ya zo da wuri shi ne, lokacin saita manhajar intanet ne aka fi yin kuskuren da ke goge fayiloli. In kana da kwafi a aljihun tebur, kuskuren ba zai zama abin kuka ba.

Kwafewa da hannu ma ta isa. In kana son sauƙi, Windows na da File History, Mac na da Time Machine, akwai kuma FreeFileSync wadda kyauta ce. A FreeFileSync zaɓi Update, wanda ke kwafe sababbin fayiloli da waɗanda aka gyara kawai. Zaɓin Mirror yana goge duk abin da babu shi a kwamfutar daga faifan wajen.

Hattara da jabu. Akwai filash da faifai da ake rubuta musu babban adadi alhali cikinsu ƙarami ne. Za ka ga sunayen fayiloli sun shiga lafiya lau, ranar buɗewa ka tarar da fanko. In farashin ya yi arhar da ta ba ka mamaki, gwada shi da H2testw kafin ka amince masa: tana cika faifan da bayanai ta sake karantawa, ta gaya maka ainihin abin da yake ɗauka. Filash kuwa na kai aiki wurin buga takardu ne, ba na ajiyar shekaru ba.

Da ka gama kwafewa, cire faifan. Kada ya kwana a jone, domin bairos mai kulle fayiloli yana neman kuɗin fansa har faifan da ke jone yake kamawa, haka ma wutar da ta dawo da ƙarfi. Kada kuma ka ajiye shi a jakar laftof, ɓarawo jaka yake ɗauka gaba ɗaya.

Mataki na 3: Gane irin hidimar da kake shirin amfani da ita

Nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Google Drive, OneDrive, Dropbox da iCloud Drive aikinsu irin na madubi ne: abin da ke foldarka shi za su nuna a intanet. Ka ƙara fayil, ya bayyana can. Ka goge, ya ɓace can. Fayil ya lalace a kwamfutarka, lalataccen ne zai hau ya maye gurbin mai kyau. An yi su ne don ka samu aikinka a waya da kwamfuta lokaci guda, kuma a wannan fannin ba su da laifi. Abin da ke ba su ɗan kamannin ajiya shi ne kwandon shara da tarihin gyare-gyare, su kuma suna da wa'adi. A asusun mutum ɗaya na Google Drive, OneDrive da iCloud, abin da ka goge kwana 30 yake yi a kwandon shara sannan ya wuce har abada. Dropbox ma kwana 30 ne a tsarin kyauta da na Plus. Ga fayil irin na Word ko PDF da ka ɗora a Drive, tsofaffin kwafinsa kwana 30 ake riƙewa ko kwafi 100, sai dai in ka shiga Manage versions ka ce a bar wani har abada.

Kwana 30 kuwa ba wani abu ba ne ga foldar da ba ka buɗewa sai shekara-shekara. Hotunan ɗaurin auren da aka goge bisa kuskure a watan azumi, wataƙila sai bayan babbar salla wani zai tambaye ka su.

Ga yadda abin yake faruwa. Layin faifan C ya koma ja, kwamfuta ta fara nauyi. Mai ita ya duba ya ga foldar OneDrive ta cinye wuri, ya ce ai komai yana intanet, ya zaɓe su duka ya danna Delete, ya bi ya zubar da kwandon shara don wurin ya samu. Manhajar ta ɗauki wannan a matsayin umarni, ta goge su a intanet ma. Abin da ya kamata ya yi shi ne danna foldar da maɓallin dama ya zaɓi Free up space. Wannan yana cire nauyin daga kwamfutar ya bar fayilolin a intanet.

Koyi karanta ƙananan alamomin da ke gefen kowane fayil a OneDrive. Shuɗin gajimare na nufin fayil ɗin yana intanet kaɗai, sunansa ne kawai a kwamfutarka. Farin da'ira mai koren maki na nufin an sauke shi. Koren da'ira cikakke mai farin maki na nufin ka ce a riƙa barinsa a kwamfutar kullum. Kibiyoyi biyu masu zagaye, yana kan hawa bai gama ba. Jan kuros kuwa matsala ce, bai hau ba sam.

Nau'i na biyu su ne kamfanonin da ajiyar ko-ta-kwana ce sana'arsu, irin su Backblaze, IDrive da Carbonite. Manhajarsu tana kwashe kayan kwamfutar a hankali tana turawa, ba ta taɓa abin da ke kwamfutarka. IDrive ba ya cire fayil daga ajiyarka don ka goge shi a kwamfuta, sai in kai ka ba da umarnin shara. Backblaze yana riƙe abin da aka goge kwana 30, amma tun 2023 ana iya ƙara wa'adin zuwa shekara ɗaya ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sai ka shiga shafin asusunka ka kunna da kanka.

A ganina, wanda kayansa ba su wuce GB 100 ba, Drive ko OneDrive haɗe da faifan waje sun ishe shi, muddin ya fahimci maganar madubin nan. Wanda cinsa da shansa ke cikin kwamfuta, kamar mai ɗaukar hoto, lauya ko mai zanen gine-gine, ya dubi nau'i na biyu, in har yana da intanet ɗin da zai ɗauki nauyin.

Mataki na 4: Zaɓi kamfani ka yi lissafin kuɗi

Na kyauta dai ga yadda suke: Google GB 15, OneDrive GB 5, iCloud GB 5, Dropbox GB 2. GB 15 ɗin Google ba na Drive kaɗai ba ne, Gmail da Google Photos ma daga ciki suke ci, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga lissafin. In wurin ya cika, ba ɗora fayil kaɗai ke tsayawa ba, har saƙon imel sai ya daina shigowa.

Na kuɗi, a farashin Amurka: Google One na GB 100 dala 1.99 a wata, TB 2 dala 9.99. iCloud GB 50 dala 0.99, GB 200 dala 2.99. Microsoft 365 Basic GB 100 dala 1.99, tsarin Personal kuma yana zuwa da TB 1 haɗe da Word da Excel, na iyali yana ba mutum shida TB 1 kowannensu. Backblaze dala 99 a shekara ga kwamfuta ɗaya, ba iyaka ga yawan kaya. Farashi yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu kuma da naira suke nunawa, saboda haka duba shafin biyan kuɗin daga inda kake.

Gargaɗi kan biya: daga 2022 bankunan Najeriya da dama sun taƙaita ko sun dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka dawo da ita da iyaka. Wanda ajiyarsa ke rataye da biyan wata-wata, kowane wata yana cikin zullumi. In da hali biya na shekara, ka rubuta ranar ƙarewa a inda za ka gani, ka kuma tuna katin ATM shi ma yana da ranar mutuwa. Kamfanoni ba sa goge kaya ranar da biya ya tsaya, amma ɗorawa tana tsayawa nan take, in aka daɗe kuma suna da ikon sharewa.

Kada kalmar "ba iyaka" ko girman sunan kamfani ya sa ka saki jiki. Microsoft ta soke tsarin OneDrive marar iyaka a 2015, ta kuma rage na kyauta daga GB 15 zuwa 5. Google Photos ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka ranar 1 ga Yuni 2021. CrashPlan ya sanar a 2017 cewa ya bar hidimar mutanen gida, ya rufe ta a 2018. Amazon Drive ya rufe a ƙarshen 2023. Waɗannan duk sun ba da sanarwa da wa'adin kwashe kaya, amma ta imel suka bayar, wanda ba ya duba imel ɗinsa bai ji ba. Megaupload kuwa hukumomin Amurka ne suka rufe shi dare ɗaya a Janairun 2012, masu halastattun fayiloli suka rasa hanyar shiga tare da masu satar fasaha. Shi ya sa manhajojin da ba a san asalinsu ba masu alkawarin makeken wuri kyauta, ni dai ba zan ba su takardar filina ba.

Kar ka yi ajiyarka a asusun makaranta ko na wurin aiki. Ba naka ba ne. Ranar da ka kammala karatu ko ka bar aikin ana iya rufe shi. Haka fayil ɗin da wani ya ba ka izinin gani a Drive, nasa ne. In ya goge, ya ɓace a wurinka.

Mataki na 5: Ɗaure asusun tamau

Duk ƙarfin kamfanin, in ka kasa shiga asusunka ajiyar ba ta da amfani, kuma ba su da ofishin da za ka je da katin shaida ka yi bayani. A wurinmu wannan ce babbar hanyar asara.

Fara da kalmar sirri doguwa wadda ba ka amfani da ita a ko'ina. Ba lambar waya ba, ba sunan ɗa da shekarar haihuwa ba. A 2012 an sace bayanan shiga na asusun Dropbox kimanin miliyan 68, girman abin bai fito fili ba sai 2016. Wanda kalmar sirrinsa ɗaya ce a ko'ina, an samu mabuɗin gidansa duka. In a shagon waya aka buɗe maka Gmail ɗin, sauya kalmar sirrin yau, ka duba lambar waya da imel ɗin da aka saka na dawo da asusu, domin sau da yawa na yaron shagon ne.

Sai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an nemi wata lamba daga wayarka kafin a shiga. Manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator ta fi saƙon tes aminci. Dalili kuwa sananne ne: layi yana ɓacewa, ana toshe shi kan maganar NIN, in ya daɗe ba a amfani da shi kuma kamfanin waya ya sayar wa wani. Ranar da ka sauya layi, kafin ka yar da tsohon, shiga asusun ka sauya lambar.

Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne lambobin ko-ta-kwana, waɗanda za ka shiga asusun da su ranar da wayar ba ta hannunka. Google yana ba da guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Microsoft yana ba da lamba ɗaya mai haruffa 25. Rubuta su a takarda da biro ka haɗa da takardun gida. Kada ka ajiye su a cikin Drive ɗin da suke buɗewa, kada kuma su zama hoto a wayar da za a iya sacewa. A Microsoft, in ka rasa duk hanyoyin tabbatarwa ka nemi sauya su, kwana 30 za ka jira.

Asusun da aka yi watsi da shi ma yana mutuwa. Tun Disambar 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, Dropbox na kyauta kuwa wata 12 ne. Sannan rai a hannun Allah yake: Google na da Inactive Account Manager, Apple na da Legacy Contact, inda za ka ambaci wanda za a ba kayanka in an daina jin ɗuriyarka. In takardun gado ko na bashi suna ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyali.

Gargaɗi: kamfanonin nan suna da na'urorin da ke tace abin da ake ɗorawa, suna kuma rufe asusu in sun ga abin da ya saɓa ƙa'idarsu. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba a Amurka da ya ɗauki hoton al'aurar ɗansa marar lafiya don tura wa likita, Google ya rufe masa asusu, bai kuma buɗe ba ko bayan 'yan sanda sun wanke shi. Hoton yara tsirara, ko na wanka ne, kada ya hau. Finafinai da manhajojin sata ma kada ka haɗa su asusu ɗaya da muhimman takardunka.

Mataki na 6: Kulle abin da yake sirri

Fasfo, bayanan banki, takardun asibiti da na abokan hulɗa, kulle su kafin su hau. Hanya mafi sauƙi ita ce 7-Zip: dunƙule foldar, zaɓi AES-256, saka kalmar sirri. In kana yawan buɗe su, Cryptomator ta fi dacewa, kyauta ce a kwamfuta, tana yin folda mai makulli a cikin Drive ko Dropbox ɗinka. Backblaze da IDrive suna ba ka damar saka mabuɗinka na kanka. A duk waɗannan, in ka manta kalmar sirrin babu mai iya buɗe maka, har kamfanin. Ta shiga takardar nan ta mataki na 5.

Mataki na 7: Ɗorawar farko

Yi lissafi kafin ka fara. Kowane GB da za ka ɗora sai ya ci GB na data, da ɗan ƙari. Gudun ɗorawa kuma ya fi na saukewa rauni a yawancin layuka. Gwada naka a fast.com ko Speedtest, ka dubi adadin ɗorawa, ba na saukewa ba. In kana samun Mbps 5 (Mbps shi ne ma'aunin gudun intanet), GB 10 zai ɗauki kusan awa huɗu da rabi, GB 100 kuwa kusan awa 44. In Mbps 2 ne, GB 100 ya haura awa 110, ban da ɗaukewar wuta da ta sabis.

Saboda haka fara da takardu, su ne marasa nauyi kuma mafiya muhimmanci. Hotuna su biyo baya, bidiyo a ƙarshe. Tsarin datar dare yana taimakawa, haka ma intanet ɗin ofis in an ba ka izini. Yi amfani da manhajar kamfanin ta kwamfuta maimakon jan manyan foldoji zuwa burauza, domin manhajar tana ci gaba daga inda ta tsaya in sabis ya yanke.

A Google Drive na kwamfuta za a ba ka zaɓi biyu, Stream files da Mirror files. Na farko yana barin fayilolin a intanet, sai ka buɗe ake saukowa da su. Na biyu yana ajiye cikakken kwafi a kwamfutar. In faifanka na da wuri, ɗauki na biyu; a inda sabis ba shi da tabbas, ya fi kwanciyar hankali. A OneDrive, danna muhimman foldoji ka zaɓi Always keep on this device.

Kurakuran da aka saba yi a nan: rufe murfin laftof, ta yi barci, ɗorawa ta tsaya, shiga saitin wuta ka hana ta barci in tana kan caji. Idan ka sa Windows ta ɗauki layinka a matsayin mai ƙidayar data, OneDrive yana dakatawa da kansa. Fayil ɗin manhajar lissafi irin QuickBooks ko Sage, da na Outlook, ba sa hawa daidai in suna buɗe; fitar da kwafin ajiya daga cikin manhajar, shi za ka ɗora. Kuma kada ka goge komai daga kwamfutar don ka ga sunansa ya bayyana a folda. Jira alamar da ke kusa da agogo ta nuna an gama.

Mataki na 8: Gwada dawo da kayan

Ajiyar da ba ka taɓa dawo da komai daga cikinta ba, zato kawai kake yi kana da ita. Gwajin ba ya cin rabin awa.

Ɗauki wata na'ura daban, waya ko kwamfutar wani, ka shiga shafin kamfanin ta burauza. Wannan kaɗai zai nuna maka ko ka tuna kalmar sirri, ko lambar tabbatarwa tana zuwa. Sauke fayiloli kaɗan daga foldoji daban-daban: takardar Word, hoto, bidiyo, wani tsoho, wani na jiya. Buɗe kowanne, kada ka tsaya a ganin suna. Kwatanta yawan fayiloli da nauyin foldar da adadin da ka rubuta a mataki na 1. In a kwamfutar wani ka shiga, fita daga asusun kafin ka tashi.

Sai gwaji na biyu. Yi wata takarda ta banza, bar ta ta hau, goge ta, sannan ka nemo ta a kwandon sharar shafin ka dawo da ita. Sake gyara ta, ka shiga tarihin gyare-gyare ka dawo da ta farko. Gara ka koyi inda maɓallan suke yau da hankalinka a kwance.

A kula: takardun Google Docs da Sheets da kake gani a foldar Drive ta kwamfuta ba ainihin takardun ba ne, 'yan alamomi ne masu kai ka intanet. In ka kwafe su zuwa faifan waje ba ka kwafi komai ba. Don samun na gaske, shiga Google Takeout ka nemi a haɗa maka su a matsayin Word da Excel. Mahaɗin da za su turo maka kusan mako ɗaya yake yi, sauke da wuri. Haka fayilolin OneDrive masu shuɗin gajimare, sai an sauke su tukuna suke kwafuwa.

Mataki na 9: Duba shi duk wata

Sa rana ɗaya a wata, misali ranar da albashi ya shigo. Duba alamar manhajar ko akwai ja, duba ranar da fayil na ƙarshe ya hau, duba sauran wuri, jona faifan waje ka sabunta shi ka cire. Masu Backblaze da ke ajiye faifan waje a ciki su riƙa jona shi aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 in ba su ƙara wa'adi ba, in ba haka ba za a ɗauka an goge shi.

Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Kwamfutarka, faifan waje da intanet sun cika ta. Manyan ma suna tuntuɓe: a Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ajiyarsu ke wuri ɗaya da ainihin kayansu suka yi asara. A Nuwambar 2023 Google ya amsa cewa wata matsala a manhajar Drive ta kwamfuta ta sa wasu sun nemi fayilolinsu sun rasa. A Mayun 2024 kuskuren saiti a Google Cloud ya goge asusun UniSuper, wata babbar hukumar fansho a Ostireliya, kuma kwafin da suka ajiye a wani kamfani daban ya taimaka wajen farfaɗo da su. Kai ma 'yan takardun da suka fi komai muhimmanci, saka su a kamfani na biyu. GB 5 na kyauta ya ishe su.

Mataki na 10: Ranar da abin ya faru

In ka ga fayiloli suna ɓacewa, ko sunayensu sun sauya sun ƙi buɗewa, abu na farko kashe intanet ɗin kwamfutar don ɓarnar ta daina hawa. Kada ka jona faifan wajenka a wannan kwamfutar. Shiga asusun ta wata na'ura ka duba kwandon shara. Masu biyan Microsoft 365 suna da Restore your OneDrive, wanda ke mayar da komai yadda yake a kowace rana cikin kwana 30 da suka wuce; masu biyan Dropbox suna da Rewind. Kada ka ce sai gobe, kwanakin suna tafiya.

In sace kwamfutar aka yi, sauya kalmar sirri nan take, ka shiga sashen tsaro na asusun ka fitar da na'urar daga jerin waɗanda aka amince da su. In faifan ciki ne ya fara ƙara yana ƙas-ƙas, kashe ta, yawan kunnawa yana ƙara lalata shi.

In za ka kai ta wurin mai gyara, fita daga Drive ko OneDrive tukuna, don kada ya goge foldar da niyyar share wuri gogewar ta hau intanet da zarar an jona. Tambaye shi ko zai yi fomat kafin ka bar shagon. In faifan yana kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, nemi mabuɗin a shafin asusunka na Microsoft kafin a taɓa komai, yawanci can Windows take ajiye shi.

A sabuwar kwamfuta, fara dawo da kayan daga faifan waje, ya fi sauri kuma ba ya cin data. Daga intanet sai ka sauke abin da ya ƙaru bayan kwafin ƙarshe. Mai Backblaze ya sauke duk abin da yake bukata tukuna, sannan ya yi amfani da Inherit Backup State don sabuwar kwamfutar ta gaji tsohuwar ajiyar. Kada ya goge tsohuwar daga shafin asusu sai ya buɗe fayilolin da ya sauke ya tabbatar suna aiki.